Sabuwar manhaja: Rini da dukanci sun fita daga aji, ina makomar darasin zane a Kano ta Kudu?

A farkon watan Satumbar 2025 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da jerin darussan sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta tsara. Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, da Ƙaramar Minista, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, sun bayyana cewa manufar ita ce a rage wa yara lodin karatu, ta yadda ɗalibin babbar sakandare ba zai ɗauki darasi fiye da takwas ko tara ba. Hankalin jama'a ya karkata ga dawowar Tarihin Najeriya da shigowar fasahar zamani da koyon haɗa wutar sola, kuma duk abubuwa ne da suka cancanci yabo.

Sai dai akwai wani sauyi da ya wuce salin-alin, ba a yi masa ko tari ba, alhali ya fi shafar Kano fiye da yawancin jihohi. Tun daga 2011 dokar manhaja ta wajabta wa kowane ɗalibin babbar sakandare ya zaɓi sana'a ɗaya daga cikin 34. A cikinsu akwai rini, da aikin fata, da sana'ar yadi, da ɗab'i, da ɗaukar hoto, da fenti da adon gini. Sabon tsari ya taƙaita su zuwa shida: haɗa sola, ɗinki da tsara tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Ke nan rini da dukanci, sana'o'in da suka kai sunan Kano har bayan Sahara, sun fita daga jerin abin da makarantar gwamnati za ta koyar da sunan sana'a.

Adalci ne a faɗa cewa akasarin waɗancan 34 ɗin a takarda kawai suke. Makarantu sun saba zaɓar wanda ba ya buƙatar kayan aiki, kamar kiwon dabbobi ko dabarun kasuwanci, a karanta a littafi a shiga jarrabawa. Don haka ba za a ce an rushe wani gini mai ƙarfi ba. Amma an rufe wata ƙofa, kuma wadda ta rage a buɗe ɗaya ce tak: darasin fasahar zane da ƙira, wanda yake cikin darussan zaɓi na ɗaliban ɓangaren adabi da zamantakewa, a jere ɗaya da Larabci da Gwamnati da Addinin Musulunci da Hausa. Tambayar da ya kamata iyaye da jami'an ilimi a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su yi ita ce, wa zai bi ta wannan ƙofa, kuma me zai tarar a bayanta?

Darasin hannu da ake yi da baki

A ƙaramar sakandare kowane yaro yana ɗaukar darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda aka cusa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a cikinsa. Duk wanda ya san makarantun karkara ya san yadda ake yin sa. Malami, wanda sau da yawa Hausa ko Ilimin Zamantakewa ya karanta, zai cika allo da bayanin ma'anar launi da rabe-rabensa, yara su kwafa, su haddace cewa ja da rawaya da shuɗi su ne tushen launuka, su kuma ci jarrabawa ba tare da sun taɓa gauraya launi biyu da hannunsu ba. Idan suka haura babbar sakandare, darasin sai ya ɓace gaba ɗaya, domin shugaban makaranta ba ya sa darasin da ba shi da malaminsa a jadawali. Ba laifinsa ba ne.

Shi kuwa wannan fanni ƙafa biyu yake tafiya a kai. Ta farko ɗakin aiki ce: wuri mai haske da faffaɗan tebur da ruwa, inda za a bar aikin yumɓu ya sha iska, a shanya rinannen ƙyalle, a dawo gobe a ci gaba. Ajin da yara suke zaune a takure, ana sauya malami duk minti 40, ba ya ɗaukar irin wannan aiki. Jarrabawar WAEC kanta ba ta tsaya ga rubutu ba. Akwai ɓangaren da ɗalibi zai zana abin da aka ajiye a gabansa, da wanda zai tsara zanen yadi ko na talla. Yaron da bai shafe shekara uku yana sarrafa fensir da burushi ba, babu haddar da za ta fitar da shi a ranar.

Ƙafa ta biyu bincike ce, kuma ita aka fi mantawa. Ɗalibi zai riƙe littafin da yake tara abin da ya gani, ya tambayi masu sana'a, ya gwada, ya ɓata, ya rubuta dalilin ɓacin, ya sake gwadawa. A Ingila, a jarrabawar da yara 'yan shekara 16 suke yi a wannan fanni, kashi 60 cikin 100 na maki yana fitowa ne daga kundin ayyukan da ɗalibi ya tara tsawon karatunsa. Sauran 40 ɗin na wani aiki ne da hukumar jarrabawa take bayarwa, ɗalibi ya yi makonni yana bincike a kansa, sannan ya kammala shi cikin sa'o'i 10 a gaban masu sa ido. Abin da ake aunawa shi ne yadda yaro yake lura, da yadda yake bin tunani daga tushe har ya zama abu a hannu. Wannan tarbiyya ce da injiniya da likitan tiyata da mai tsara gine-gine duk suke buƙata.

A nan ne yankin Kano ta Kudu yake da abin da makarantun kuɗi na Abuja da Legas ba su da shi, wato kayan binciken suna bakin ƙofa. Ɗalibi a Bebeji zai iya zagaya tsofaffin unguwanni ya zana zankwaye da dagi da sauran adon da magina suka bari a jikin soraye, ya auna, ya tambayi dattawa yadda ake haɗa makuba, kafin bulo da kwano su gama cinye su. Na Riruwai, garin da aka san shi da haƙar kuza, yana zaune cikin duwatsu da ƙasa kala-kala, waɗanda za a iya niƙawa a gwada wanne ne yake kama takarda idan aka haɗa shi da ƙaro. Na Tudun Wada da Doguwa suna da dajin Falgore da itatuwansa, na Tiga yana da ruwa da jiragen masunta. A kowace kasuwar mako akwai mai faifai da mai tabarma da mai ƙwarya da baduku, kowanne da zanen da ya gada, kuma da wuya a samu wanda aka taɓa rubuta sunayen zanukansa. Baba da bagaruwa da karan dafi da yumɓu ba daga waje ake shigo da su ba.

Abin takaici, da yawa daga cikin abin da aka adana game da fasahar Hausawa, baƙi ne suka adana. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya bi masu surfani da masu zanen bango yana tattara ayyukansu, har aka yi baje kolinsu a Landan a 1976. 'Yan ƙasa irin su Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya yi nazari a kan gwanayen magina, sun yi nasu ƙoƙarin, amma aikin ya tsaya a ɗakunan karatu na jami'a, bai gangaro aji ba.

Inuwar Kofa

Ba za a yi maganar fasaha a wannan yanki a tsallake abin da ya faru a 2016 ba. A shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina alƙaryar fina-finai ta kimanin Naira biliyan 3 a Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, mahaifar ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin. Malamai suka hau mumbari, kafafen sada zumunta suka ɗau zafi, kafin a ce kwabo gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko an yi asara, darasin da ke ciki ɗaya ne: an zo wa mutane da abu daga sama, ba a nemi shawararsu ba, ba a kuma amsa tambayar da ta fi damunsu ba, wato tarbiyyar 'ya'yansu.

Darasin zane yana ɗauke da irin wannan tambaya, kuma kawar da kai daga gare ta ba zai sa ta tafi ba. Uba a Kwanar Ɗangora da ya ji an ce za a koya wa ɗansa zane, abin da zai fara faɗo masa shi ne hadisan da suka yi gargaɗi a kan suranta mai rai. Damuwa ce ta gaskiya, kuma tana da amsa a cikin littattafan da malaman ƙasar nan suke karantarwa. A mazhabar Malikiyya, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumin halitta mai rai, cikakke, mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda hukuncinsa bai kai nan ba, ko da yake akwai malaman da suka tsananta a kansa. Zanen bishiya da gini da rubutu da siffofin ado kuwa babu saɓani a kan halaccinsa, kuma an ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya nusar da wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Manhajar tana da faɗin da makaranta za ta gina karatunta a kan yadi da rubutu da tukwane da fata, ba tare da ta tilasta wa kowa sassaƙa gunki ba.

Hasali ma, mutanen da za a ce suna ƙyamar zane su ne suka raya shi ƙarni da ƙarni. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani aikin gwani ne na launi da ma'auni. Marigayi Sharu Bala Gabari na birnin Kano ya yi suna ne da kyan rubutunsa na Alƙur'ani, wanda aka buga aka yaɗa a faɗin ƙasar Hausa da maƙwabta. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masu nazarin gine-gine suna zuwa kallon bakan gizonsa. Almajirin da ya iya fere alƙalami ya dafa tawada ya riga ɗan boko shiga ɗakin aiki, sunan ne kawai ba a ba shi ba. Da za a gayyaci alaramma mai zayyana ya shiga aji sau ɗaya a mako, da rabin gardamar ta mutu tun kafin a fara ta.

An taɓa yi, kuma maƙwabta suna yi

Makarantar boko ta farko da Turawan mulki suka buɗe a Kano, wadda Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya kafa a Nassarawa a 1909, tana da sashen sana'o'in hannu, inda gwanayen gari suke koyar da aikin fata da ƙira da ɗinki. A Kudu, Aina Onabolu ya yi ta faɗi-tashi tun shekarun 1920 har aka shigar da zane makarantun Legas, aka kuma ɗauko Kenneth Murray a 1927 don ya koyar. Amma cibiyar da ta fi kowace tasiri a tarihin zanen zamani a Najeriya a Arewa take. A kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna masu cewa a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Wanda ya duba sunayen zai ga daga ina suka fito. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Zariya ba wata tafiya ba ce, amma yaron da bai yi darasin a sakandare ba, sashen ya fi masa Legas nisa.

Ghana, wadda take rubuta jarrabawar WAEC kamar Najeriya, ta shafe shekaru tana tafiyar da fasahar zane a matsayin cikakken ɓangare na babbar sakandare, kafaɗa da kafaɗa da kimiyya da kasuwanci. Ɗalibi yana iya ƙwarewa a aikin fata, ko saƙa da yadi, ko tukwane, ko zanen talla, ya kuma gabatar da aikin hannunsa a ba shi maki. Aikin fatar da ake ba wa yaro shaida a kansa a Kumasi da Tamale, akwai hannun Hausawan zango a cikin tarihinsa. A garin da fatar ta fito kuwa, ya fita daga jadawali.

Lissafin ɗan kasuwa

Mai shago a Kantin Kwari zai iya cewa wannan duk zancen 'yan boko ne. To, ya dubi kantarsa. Atamfa da leshi da shaddar da yake sayarwa, akasarinsu daga Sin da wasu ƙasashe ake shigo da su, kuma abin da yake bambanta wadda ake rububi da wadda ta kwana a shago shi ne zanen da ke jikinta. Wani ne ya zauna ya tsara shi, aka biya shi. Masu injin surfani na kwamfuta da suka cika gari suna buƙatar wanda zai zana musu sabon fasali, in ba haka ba kowa aska takwas ɗin jiya zai yi ta maimaitawa. Majemun Challawa da Sharaɗa suna fitar da fata zuwa Turai, a can a yanka ta a kan zanen wani, ta dawo jaka ko takalmi da farashin da ya ninka sau da yawa. Ribar tana wurin mai zane.

Ko a cikin yankin, Tudun Wada ta yi suna wajen noma da gyaran shinkafa. Shinkafar da aka zuba a buhun da babu suna babu tambari, da wadda aka sa wa suna da hoto mai ɗaukar ido, ba kuɗinsu ɗaya ba a kasuwar birni, ko da daga gona ɗaya suka fito. Haka allon shago, da fastar 'yan siyasa, da adon silin, da zanen jikin manyan motoci, da ƙunshin amare wanda 'yan mata da yawa suke rufa wa kansu asiri da shi. Duk waɗannan ana yin su yanzu, ta hanyar koyo a wurin maigida. Abin da makaranta za ta ƙara shi ne takardar shaida, da iya bincike, da hanyar wucewa gaba.

Akwai ma wani abin lura na tarihi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fito ne daga zuriyar Agalawa, fataken da suke kai rinannun tufafin Kano Gwanja su komo da goro. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, saƙa da rini ya gani a matsayin ƙashin bayan arzikin garin. Jarin da ya haifi gidan kasuwanci mafi shahara a Arewa, da hannun marina da masaƙa a cikinsa.

Kuɗi akwai, malami fa?

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, gwamnatinsa ta kuma ware wa fannin kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin 2024 da kashi 31 a na 2025. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano take cikin jihohin farko da suka shiga, yana gina ajujuwa da gyara wasu. Wanda ya ce a jihar da yara suke zama a ƙasa, rufi yana yoyo, ba a samu malamin Lissafi ba, maganar ɗakin zane gata ce, yana da hujja mai ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai ce a sayi fenti kafin kujera. Amma ɗakin zane ya fi ɗakin gwajin kimiyya araha nesa ba kusa ba, kuma lokacin da ake zana taswirar sabon gini shi ne lokacin ware masa wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar da ta fi gini wuya ita ce malami. Ana horar da masu wannan fanni a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da kwalejojin ilimi da kuma Zariya, amma wanda ya iya zanen kwamfuta yana samun abin da ya fi albashin koyarwa a maɗaba'a ɗaya a birni. Tura shi Doguwa, tafiyar sa'o'i daga Kano ta cikin dajin Falgore, sai da wani abin jan hankali. Yankin kuma ya ɗanɗana rufe makarantu: a farkon 2021, lokacin da satar ɗalibai ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma, gwamnatin jiha ta rufe Kwalejin Fasaha ta Bagauda da Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a ta Tudun Wada tare da wasu makarantun.

Kano ta taɓa warware irin wannan ƙulli. A 1977, da ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, ba ta yi yunƙurin sa ɗakin gwaji a kowace makaranta ba. Ta zaɓi Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ta tara malamai da kayan aiki a can, ta kuma kafa musu hukuma. Sakamakon sananne ne. Babu abin da zai hana a ɗauki makarantar maza ɗaya da ta mata ɗaya a kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan huɗu, a ba su ɗaki da malami mai shaida, a haɗa shi da gwanayen gari da za a riƙa biya alawus. Makarantar koyon harkar fim da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a Tiga da kwalejin Bagauda duk a cikin Bebeji suke, kuma za su iya zama wurin horar da malaman a lokacin hutu. Gwamnatin Tarayya kuma, wadda ta kafa ma'aikata sukutum ta fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023 ta damƙa wa Hannatu Musawa, ya kamata ta bayyana daga wace makaranta take sa ran ma'aikatan wannan tattalin arzikin za su fito.

Ɗalibi sau ɗaya yake zaɓar darussansa, a shekararsa ta farko a babbar sakandare, kuma daga cikin abin da makaranta ta rubuta a allo yake zaɓa. Waɗanda suka shiga a Satumbar 2025 za su zauna jarrabawar WAEC a 2028. Duk makarantar da ba ta samu malamin zane a zangon farko ba, wannan rukuni nata ya riga ya wuce ba tare da darasin ba.